Tiren Rabi da Ƙaryar da Na Yi a Zaure

Watan nan matata Rabi ta cika shekara goma sha biyar a ƙasa. Abin da yayana Lawal ya yi mani shi ma ya cika shekara goma sha biyar, ba kwana uku. Ranar sadakar ukunta ya tsayar da ni a zauren gidanmu gaban dattawan unguwa, ya bari aka kira matata mai gidan kallo, ya sa aka fito da kayanta aka cinna masu wuta a ƙofar gida. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Ban yafe ba, kuma ba zan rubuta a jarida cewa na yafe ba don a ce ina da kirki.

Sai dai in na tsaya nan na cuci mai karatu, don rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin shi ne wanda ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalayen kaset ɗinta ya kai su bakin wutar. Ni ne. Shekara da shekaru ina ba mutane labarin nan a tasha, kullum a kan Yaya nake tsayawa. Yau zan ƙarasa shi.

Iro ake ce mani, direba ne ni. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, na gudu na bi mota. Tun ina saurayi nake ɗaukar fasinja da kaya daga Jibiya, in ƙetare ta Magama zuwa Maraɗi, in juyo. Wanda ya san hanyar nan ya san ba nisa gare ta ba, tsaye-tsaye gare ta. Nan kwastan, can duwan, wato kwastan ɗin ƙetaren boda, gaba jandarma, kowa da irin tambayarshi. Ka fita da asuba, ka dawo yara sun yi barci. Rabi kuma awara take yi. Ta jiƙa wake, ta kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta matse, ta soya. Ta safe a kai ƙofar makaranta, ta yamma a ƙofar gida. Yaranmu uku, Zulai ce babba, sai ƙannenta maza biyu. Da safe boko, da yamma Islamiyya. Gida ɗaya muke kwana, amma sai in yi kwana huɗu ban ga fuskar ɗana da rana ba.

Ita ta fara magana. Ta ce, "Direba," don haka take kirana, "ɗiyan nan sun fi sanin ƙarar motarka da muryarka."

Na ce, "To in aje mota mu ci mi?"

Ta ce ba ta ce in aje mota ba. Juma'a kaɗai take roƙo, daga saukowa masallaci zuwa magariba. Ranar ba Islamiyya, ita ma za ta haƙura da suyar yamma.

Na ce, "Mu zauna mu yi mi, mu kalli juna?"

Ta ce, "Mu kalli fim."

Dariya na yi mata. A wajenmu uba ba ya zama tabarma ɗaya da ɗiyarshi a kalli fim. Maza su tafi gidan kallo, mata da yara su kalla a ɗaka, kuma kowa ya san dalili. Ana cikin labari mai kyau sai a ɓarke da waƙa, namiji da mace suna zagaya itace, kai uba ka rasa inda za ka sa idonka, yarinya ta rasa inda za ta sa nata. Ƙarshe ɗaya ya tashi ya fita. Na gaya mata haka. Ta ce in bar mata wannan, aikinta ne.

Ga yadda take yi. In na kawo kaset, na Hausa ko na Indiya, ba wanda zai gani sai ita ta gani tukuna, ita kaɗai. Ba ta da lokacin zama, sai ta jawo talabijin bakin ƙofar ɗaki. In an kawo wuta ta kunna, tana tatar awara tana kallo. A ɗauke wuta ta tsaya, gobe ta ɗora. Fim ɗaya sai ya ci mata kwana huɗu. Duk inda ta ga abin da bai kamata uba da ɗiya su gani tare ba, ko jinin da zai firgita auta, sai ta riƙe wurin a ka. Rabi ba ta yi boko ba ko na rana ɗaya. In ta gama sai ta ɗauki jan farce ta ja layi a bayan kaset ɗin, kowane wuri layi ɗaya.

Tana da wani babban tiren silba da take jera awara a kai. Ranar Juma'a ta wanke shi tas ta jingine shi gefen talabijin. In wurin ya matso, sai ta miƙe ta kife tiren a fuskar talabijin, ta rage murya, ta danna a wuce da ɗaya hannun. Da tire ake auna fim a gidanmu. Wannan mai tire biyu ne, wancan mai tire huɗu. In layi ya wuce biyar sai ta miƙo mani ta ce, "Mai da masu abinsu, wannan tire ya fi fim yawa." Wanda ya tsallake kuma mu riƙe shi mu aje. Cikin shekara bakwai muka cika kwali biyu, kowane kaset da jan layinshi. Da sidi ya shigo ma ba ta sake tsari ba, a kan kwalinshi take ja.

Ni ma ina da aikina. Wuta ba ta san Juma'a ba, sai muka sayi ɗan ƙaramin janareta. In na sauko masallaci sai in zura tiyo a tankin mota in zuƙo fetur da baki in tara a galan. Duk Juma'a da ɗanɗanon fetur a harshena nake zama kan tabarma, Rabi ta miƙo mani awara mai yaji ta ce in kashe shi da ita. A riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Lokacin ba a fara fassara fim ɗin Indiya ba. Rabi ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma ita ke fassara mana. Jarumin kullum ɗan Daddara ne, wani ƙauye nan kusa da mu. Mugun kuma Alhaji mai sito. 'Yan sandansu jandarma ne, in sun tsayar da mutum sai ta ƙanƙance murya ta riƙa tambayar takardu irin yadda nake ba ta labarin ana yi mani a hanya. In ta kife tire kuwa, magana ɗaya gare ta, ta aika su wani ƙauyen namu: "Sun tafi Riko gaida kakarsu."

Zulai ta ce, "Inna, kullum Riko?"

"Tsohuwar ba ta da lafiya."

Auta ya ce, "Ai wancan satin kin ce ta mutu."

"Ta wajen uba ce ta mutu, wannan ta wajen uwa ce. Ku yi shiru, hanyar ba kyau."

Na yi dariya ranar har awara ta shaƙe ni, Zulai na jingine da ƙafata tana bubbuga mani baya. Maƙwabciyarmu Maman Dauda, Kirista ce ma'aikaciyar asibiti, ita ma takan turo yaranta biyu, tana cewa in dai da tiren Rabi hankalinta kwance yake. Wata rana na ce wa Rabi yaran nan fa sun fara wayo, sun san ba Riko ake zuwa ba. Ta ce, "Sun daɗe da sani. Tiren nan ba don su kaɗai nake ɗagawa ba, don kai ne, kada ka tashi." Kuma ban taɓa tashi ba. Shekara bakwai, in dai ba mota ta lalace mani a hanya ba, ban rasa Juma'a ɗaya ba.

Yaya Lawal gida ɗaya muke da shi, gidan gado, kowa da sashenshi, zaure ɗaya. Ya fi ni karatun addini nesa ba kusa ba, shi ke jan salla in liman ba ya nan. Tun muna yara shi ne mai hankali, ni ne wanda ya bi mota. To duk Juma'a in janareta ya tashi, sai ga Yaya ya zo aron adda, ko ya zo tambayar ko na ji labarin hanya. Sai ya tsaya bakin ƙofa, hannu a baya. Bai shigo ba, bai tafi ba. Rabi ta gane. Sai ta riƙa aje kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofar daga waje, da farantin awara a kai. Da farko a tsaye yake ci, daga baya ya fara zama. In la'asar ta yi a kashe janareta, shi zai ja mu salla a tsakar gida, a dawo a ƙarasa. Da kunnena na ji ya ce mata, "Wai shi Alhajin nan ana kama shi kuwa?" Ta ce, "Sai bayan la'asar, Yaya."

Da damina zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyar ta yi, ranar Laraba ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Sadakar uku ta faɗo Juma'a.

Bayan an sauko masallaci zaure ya cika. Aka yi addu'a, wani malami baƙo ya yi nasiha kan abin da ke bin mamaci kabari. Sai wani dattijo, ban ma jin da mugunta ya faɗa, ya ce, "Ai marigayiyar ita ce mai tara yaran unguwa kallon Indiya, ko? Mai gidan kallon nan." Duk ido ya koma kan Yaya, don shi ne babban gida, shi ne mai jan salla. Na ga ya gyara zama. Ya ce, "Na sha yin magana a kai." Sannan ya juyo ya ce, "Iro, tashi. Da saninka ake wannan a sashenka?"

Na tashi. Abin da na ce ba wanda ya sa mani shi a baki. Na ce, "Ni kullum ina hanya, Yaya. Ban taɓa zama na kalla ba. Sha'anin mata ne."

Bakin da ke zuƙo fetur duk Juma'a shi ya faɗi haka, kwana uku da binne ta.

Yaya ya ce, "To je ka fito da su, a rage mata nauyi."

Da na juya zan shiga gida, Zulai na tsaye bayan ƙofar zaure da kwanon kunu a hannu. Shekararta goma sha uku. Ba ta yi kuka ba, ta matsa ta ba ni hanya. Na fito da kwali biyu a kaina, ɗaya bayan ɗaya. Man da aka zuba masu ragowar wanda na zuƙo ne Juma'ar ƙarshe da muka yi kallo. Robar ta narke, hayaƙi baƙi ya tashi, ina ganin jan layinta yana murɗewa. Maman Dauda ta leƙo ta ƙofarta, ta dube ni, ta koma ciki.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoron Allah ne ya sa ni. Ba shi ba ne. Da tsoron Allah ne da ban yi ƙarya ba. So nake sau ɗaya a rayuwata dattawan nan su dube ni yadda suke duban Yaya, ba ɗan tasha ba. Kuma sun dube ni. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Iro, ka kyauta mata." Na ji daɗi. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Matata na da kwana uku a kabari, aikinta na shekara bakwai yana cin wuta, ni kuma na ji daɗi an sa mani albarka.

Zulai ba ta taɓa yi mani rashin kunya ba. Da ta yi ma da ya fi mani sauƙi. Ta kawo abinci ta durƙusa, ta gaishe ni safe da yamma, ta wanke mani kaya. Amma ba ta sake zama inda nake zaune ba. In na shigo ɗaki sai ta tuna da wani aiki. Da ta tashi aure a Maraɗi ta yi, wani mai ɗinki ɗan mutunci. Cikin kayan uwarta na ce ta zaɓi abin da take so, tiren kaɗai ta ɗauka. Tana kawo yara gaisuwa da salla, su wuni su koma. Ba ta taɓa yarda Juma'a ta same su a gidana ba. Na lura, na yi kamar ban lura ba.

Na sake aure, mace ce ta gari, ba ruwanta da wannan magana. Janareta ya yi tsatsa na sayar wa masu gwangwan. Juma'a na koma hanya kamar sauran ranaku.

Wani lokaci nakan zauna in ce da Rabi za ta leƙo gidan nan yau, mi za ta ce? Fim bai taɓa yawa irin yanzu ba. Ba kaset, ba sidi, ba janareta. A je shago a tura wa mutum a waya, ko ya jawo da kanshi. Samarin gidana kowa da tashi, kowa ya toshe kunne ya juya wa ɗan'uwanshi baya. Ka ji mutum yana dariya shi kaɗai, ba ka san abin da ya ba shi dariya ba, ba ka isa ka tambaya ba. Na Indiya ma an fassara su, kuma na tabbata da ta ji da ta ce masu fassarar ba su fahimci labarin ba, don ba ɗan Daddara a ciki. Ita Daddarar ma, da Riko ɗin da take aika mutane, yanzu sai ka tambayi lafiyar hanya kafin ka kama ta. Tire ɗaya ba zai rufe waya biyar ba. Amma na san ta, ba zama za ta yi tana zagin zamani ba kamar yadda nake yi. Tattara wayoyin za ta yi a kwano ɗaya, ta zaɓi fim ɗaya, ta kalle shi tana tata, ta ce Juma'a kowa ya zo. Mu da muka ƙone nata don mu gyara yara, ga abin da muka samu: suna kallon abin da suka ga dama, ba mai kife masu komai, kuma ba mu kusa.

Watan jiya mota ta lalace mani a Maraɗi ranar Juma'a. Bakanike ya ce sai yamma. Na yi salla, na rasa wurin zama, na ce bari in leƙa gidan Zulai ban sanar ba. Tun daga soro na ji dariyar yara. Na yi sallama na shiga. Ga ta, ga mijinta, ga yaransu uku kan tabarma ɗaya gaban tele, kamar yadda suke ce ma talabijin a can. Ga tiren jingine a gefe. Ya dushe, bakinshi ya lotsa, kuma ya yi wa allon nan na zamani kaɗan, ko rabi ba ya rufewa. Ina tsaye fim ɗin ya kawo wurin da ake kife tire. Ta danna ta tsayar da hoton, duk da haka ta miƙe ta ɗaga tiren ta ce, "Sun tafi Riko gaida kakarsu." Yaran da ba su taɓa ganin Riko ba suka haɗa baki, "Hanyar ba kyau!"

Na dafa bango.

Babbar ɗiyarta sunan Rabi gare ta, Ummi muke ce mata, tana aji biyu a lakwal, makarantar bokonsu ta can. Ta taso ta kama hannuna ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, zo ka zauna, saura tire ɗaya." Sai ƙanenta ya ce, "Ke, sake shi. Kaka ba ya kallo. Mama ta ce shi bai taɓa kallo ba."

Na dubi Zulai. Idonta na ƙasa ta ce, "Haka ya ce. Abin da ya ce na gaya masu."

Ban zauna ba. Na ce ina sauri, bakanike na jira. Ta rako ni soro kamar yadda ta saba. Nan na ce, "Zulai, kin san ƙarya ce."

Ta ce, "Na sani, Baba. A ƙafarka nake jingina."

"To don mi za ki gaya wa yara?"

"Don ba ni aka yi wa ita ba. A zaure aka faɗe ta, gaban mutane. Har yau in na zo Jibiya aka tuna Inna, mai gidan kallo ake cewa, wadda ke yi mijinta ba ya nan. In na ce wa yara kana zama da mu, na ƙaryata ka. In na yi shiru, an bar ta ita kaɗai. Shekara goma sha biyar ina jira ka zaɓar mani ɗaya."

Ta gyara mayafi ta ce, "Ranar da aka gyara ta a inda aka faɗe ta, zan kawo su Jibiya ranar Juma'a, da tiren."

Na tuƙo mota na ƙetaro boda ban san yadda na wuce duwan ba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ƙaryar ta yi jika. Ni na ɗauka ta mutu da hayaƙin ranar, ashe tana nan tana girma, har ta ƙetare boda ta shiga bakin yaron da ba a haifa ba lokacin da na yi ta.

In aka tambaye ni mi ya rage na Rabi, ba hoto gare ni ba, ba kaset ko ɗaya. Awararta an manta ɗanɗanonta. Abin da ya rage shi ne akwai gida ɗaya a Maraɗi da uba ke zama da ɗiyanshi ranar Juma'a bai tashi ba, kuma yara uku sun san hanyar Riko ba kyau. Wannan bai ƙone ba, don ba a kwali yake ba. Ni ban ce fim ibada ba ne, ban isa in yi fatawa ba. Abin da na sani shi ne matar nan ta ɗauki kwana huɗu duk sati tana tace abin da zai shiga idon ɗiyanta kamar yadda take tace wakenta, don kawai ubansu ya zauna. Ladan da na biya ta ke nan, na ce ban san zancen ba.

Ko Zulai za ta cika maganarta, wannan tsakaninta da zuciyarta ne. Nawa shi ne in je. Juma'ar da ta wuce ban fita da mota ba. Bayan an sauko masallaci na nufi zaure, inda har yau ake zama. Cikin dattawan wancan lokaci huɗu suka rage, sauran wurin yaran da suka girma ne, wasunsu ma kan tabarmar Rabi suka yi kallo. Yaya na kan buzunshi, gemu ya yi fari, ido ya yi rauni. Na je daidai inda na tsaya wancan karon.

Na ce, "Yaya, ina da magana."

Ya ce, "Zauna mana, Iro."

Na ce, "A tsaye na yi ta farko, a tsaye zan warware ta. Jama'a, ranar sadakar ukun Rabi na ce a nan ban taɓa zama na kalli fim a sashena ba. Ƙarya na yi. Ni ke kawo kaset. Ni ke zuƙo man janareta da bakin nan. Shekara bakwai ina kan tabarma da ɗiyana, kuma ban taɓa jin daɗin duniya irin na ranakun nan ba. Ba a bayan idona take yi ba, don ni take yi. In laifi ne, nawa ya fi nata, a rubuta mani. Daga yau wanda zai ce mai gidan kallo, ni zai ce mawa."

Yaya ya ce, "Haba Iro, maganar da ta wuce shekara nawa..."

Na ce, "Goma sha biyar, Yaya, ni ke ƙirgawa. Ka ce ka sha yin magana a kai. Magana ɗaya na taɓa ji ka yi, ka tambaye ta ko ana kama Alhaji. Ka ci awararta, ka zauna kan kujerar da ta aje maka, ba ta taɓa tona ka ba ko wajen matarka. Ranar da aka ambace ta a zauren nan tsoro ya kama ka, ka miƙo mani shi, ni kuma na karɓa na kife a kan wadda ba ta da bakin magana. Naka ban yafe ba tukuna, nawa kuma ba ni zan yafe ba. Amma kujerar tana nan, ban ƙone ta ba. In Zulai ta zo da yara Juma'a mai zuwa, zan sa ta a cikin ɗaki. In za ka zo, ka shigo ka zauna jikokinta su gan ka. Ba na ba da aron adda ranar Juma'a."